Na je Katsina ganin garin kakanni, na biyo ta Jibiya ganin ruwanmu

Kun ji ni shiru kwana biyu a radiyo, har wasu sun fara cewa ko na gudu ne. To ga ni, lafiya lau. Katsina na leƙa.

Daga Maraɗi zuwa Birnin Katsina tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Ka bi ta Ɗan Isa, ka ƙetare iyaka a Magama, sai Jibiya, sai birni. Amma ku tambayi matasanmu da suka yi lakwal: da yawa za su zana maka tarihin Lui na 14 da fadarsa, su kasa gaya maka sunan ƙofa guda ta Katsina. A lise haka aka karantar da mu. Ga shi kuwa sarkin da ke zaune a Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa.

Dalilin sananne ne ga tsofaffi. A 1807, lokacin jihadi, Ummarun Dallaje ya karɓe birnin, sarakunan Haɓe suka fito suka yi arewa. Bayan wahala mai yawa Ɗan Kasawa ya kafa sarautar a Maraɗi, da sunanta da muƙamanta duka, kamar wanda ya kwashe kayan ɗaki ya bar ginin. Shekara da shekaru ana kai hari ana ramawa, musamman zamanin Ɗan Baskore, da burin a koma gida. Ba a koma ba. Daga baya Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja layi tsakani.

Shi ya sa da na tsaya gindin hasumiyar Gobarau jikina ya yi sanyi. Ginin ƙasa ne, tsawonsa wajen mita 15, ana danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ba ta da wani ado. Benayen yanzu ma sun fi ta tsawo. Amma ka tuna cewa waɗanda suka haifi kakanninmu sun ji kiran salla daga nan, sun yi karatu a gindinta, kuma ranar da suka fita da yaransu a goye wataƙila ita ce abu na ƙarshe da suka waiwaya suka gani. Wani dattijo da ke zaune wurin ya ji harshena ya ce, "Ɗana, daga Faranshi kake?" Na ce, "Baba, daga Safo, ƙasar Maraɗi." Ya yi dariya ya ce ai ni ba baƙo ba ne, mai gida ne da ya daɗe bai zo ba. Ya sa aka kawo mini fura.

Na zaga Ƙofar Soro, bakin fadar da ake kira Gidan Korau. Na ga Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga, da Ƙofar Ƴanɗaka. Ganuwar kam ta sha jiki, wurare da yawa gidaje sun cinye ta, sai sunan ƙofa ya rage. Na shiga tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu ta zama gidan adana kayan tarihi. Ɗakunan ƙasa ne, ƙanana, da sanyi ciki kamar randa. Na kuma ziyarci kabarin Wali Ɗan Marina. Mu da muke da kaburburan waliyyai kewaye da tabkin Madarunfa, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu.

Wajen birni kuwa, in ba don naira da lambar motoci ba, ka rantse kana tsakanin Safo da Gabi. Gero iri ɗaya, rumbu iri ɗaya, gawo tsaye cikin gona, amalanken shanu na tafe da kara. Tsoron ma iri ɗaya. Direbanmu ya ce shi in la'asar ta yi sakaliya ba ya bin hanyar Jibiya ko nawa za a ba shi, saboda ƴan bindiga. Ban yi masa gardama ba, mun san abin a namu ɓangaren.

A Jibiya ne na sauka na je na ga dam. Wallahi jama'a, wannan ya fi Gobarau tsaya mini a rai. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, masunta cikin kwalekwale, ƙasa da shi gonakin rani kore shar. Kogin da suka datse suna ce masa Gada. To shi ne fa Gulbin Maraɗi namu. Da ya ƙetaro iyaka sai ya canza suna, ya bi ta ƙasar Madarunfa, ya wuce mu, ya wuce Jiratawa da Tarna da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa kogin Rima. Aro muke yi, a tsakiya.

Tun da aka gama dam ɗin wajen 1990, manoman fadama ke cewa gulbi ya canza hali. Da can yakan yi ambaliya ya malale fadama, ya bar laka mai taki, rijiya kuwa ka haƙa kaɗan ka tarar da ruwa. Ƙarfinsa har ya ci tsohon garin Maraɗi a 1945, abin da ya sa aka hau tudu. Yanzu mai zogale da mai tumatir sai sun sayi inji da mai, kuma kowace shekara tiyo na ƙara tsawo. Ba dam kaɗai ba ne, gaskiya: damina ta canza, masu jan ruwa sun ninka, an sare itatuwa. Amma dam na cikin lissafi.

Ban ga laifin manomin Jibiya ba. Talaka ne kamar mu, albasa yake nema ya ciyar da iyali. Abin da ke damuna shi ne akwai takarda. A watan Yuli na 1990, a Maiduguri, Nijar da Najeriya suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan da suke tarayya a kai bisa adalci, kuma an ambaci Gada da Gulbin Maraɗi da suna a ciki. Akwai ma hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa a 1971, mai mazauni a Yamai. Sau nawa kuka ji an zo an karanta wa manoman Safo wannan takarda da Hausa? Ƙasar Holan ma a ƙarshen kogi take zaune, ruwan Rayin sai ya ratso Jamus yake isa gare ta, amma su manominsu ya san ofishin da zai buga wa ƙofa.

Ana ta murnar jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ni ma ina cikin masu murna. In ya fara aiki, ku kai yaranku su ga Gobarau, ku kuma sauka a Jibiya.

Kafin nan ina da roƙo. Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida da suka san gulbi kafin dam, a ɗauko mana muryarsu a waya: wane wata ruwa ke zuwa, kwana nawa yake yi a fadama, gaba nawa ake haƙa rijiya. Ku turo ta akwatin saƙon wannan shafi, za mu sa a shirin manoma. A faɗi sunan ƙauye da farko.