Kafin Motar Asibiti Ta Iso, Wa Ke Kusa Da Kai?

Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Yawancinmu da ke karatu a garin Bauchi ba 'yan nan ba ne. Wani daga Azare, wani daga Potiskum, wata daga Gombe ko Kano. Idan ciwo ya kama ka da tsakar dare a Yelwa ko Gwallameji, Umma tana nesa, Baba yana nesa. Wanda zai fara taɓa ka shi ne abokin zamanka, wanda ƙila ko cokalin shayi ba shi da shi a ɗaki. To, me ya sani? Kai kuma me ka sani idan shi ne ya faɗi?

Mu fara da kwalara, wato amai da gudawa. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da dubu 100 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma jihar Bauchi ce kan gaba a yawan masu kamuwa. Abin da ke kisa a cutar nan shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma cikin 'yan awanni take iya gamawa da babban mutum. Dubi yadda muke rayuwa: rijiya kusa da masai, banɗaki ɗaya na mutum goma sha, ga damina tana kwaso ƙazanta tana zubawa inda muke ɗiban ruwa.

Na ga wannan da idona a gidan hayar da nake. Wajen ƙarfe 2 na dare wani ɗan ajinmu ya fara, kafin awa guda idonsa ya faɗa, ƙafafunsa suna ɗaurewa. Mutane sun cika ƙofa, wannan ya ce a ba shi lemon kwalba, wancan ya ce a nemo kafso. Wani maƙwabcinmu mai karatun aikin jinya ne ya ce, “Malam, ku ba ni fiya wata leda 2, da sukari da gishiri.” Ya haɗa, ya sa aka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, mu kuma muka bazama neman mai keke napep. Sai da muka yi kusan minti 40 kafin muka samu. A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, bayan kwana 3 ya dawo da ƙafarsa. Da muka kira mahaifiyarsa da safe, abin da ta fara tambaya shi ne, “Wa ke wurinsa?”

Ga haɗin, don Allah ku adana: ruwa mai tsabta lita 1, wato fiya wata leda 2, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Kada a ƙara gishiri wai don ya fi ƙarfi, hakan illa yake yi. In akwai na sacet da ake sayarwa a kemis, ya fi. Amma fa haɗin nan na riƙe rai ne a hanya, asibiti dole ne.

Sai zazzaɓin Lassa. Sunan ya samo asali ne daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gano cutar a 1969. Duk shekara Bauchi tana cikin jihohin da suka fi fama da ita, tare da Ondo da Edo da Taraba, kuma da rani ta fi tashi. Ɓera ne ke yaɗa ta ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Kowa ya san yadda muke barin buhun garin kwaki da shinkafa a buɗe ƙarƙashin gado. Matsalar ita ce tana farawa kamar maleriya: zazzaɓi, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro. Sai mutum ya yi ta shan magani daga kemis har lokaci ya ƙure, alhali maganin da ake bayarwa a asibiti ya fi aiki idan an fara da wuri. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a tafi asibiti a yi gwaji. Mai jinya kuma kada ya taɓa jini ko aman mara lafiya da hannu tsirara. Bokiti mai murfi na zuba abinci bai kai kuɗin datar wata ɗaya ba.

Idan zafi ya shigo, sanƙarau ke nan. A farkon 2024 mun ji yadda ya kashe ɗalibai a makarantun kwana na yankin Potiskum a jihar Yobe. Ɗaki na mutum 4 mu 9 a ciki, tagogi a rufe, nan yake samun hanya. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, ido ba ya son haske: wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. A shekarar ce kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare mutum daga nau'i 5 na ƙwayar cutar. In masu rigakafi sun zo, wallahi ku daina gudu.

Ba cuta kaɗai ba. Waɗanda suka riga mu shigowa ba su manta watan Agustan 2019 ba, daren da gadar ƙafa ta karye a harabar Gubi ta ATBU bayan ruwan sama mai ƙarfi, aka rasa ɗalibai. Allah Ya jiƙansu. Idan rafi ya cika, a jira, kada a taru a kan gada, kada a ce za a ratsa ruwa mai gudu a duhu. Gobarar lantarki kuma ba a watsa mata ruwa, a fara kashe wuta daga tushe. In ka ji warin gas, buɗe ƙofa da taga, kada ka kyasta ashana ko ka taɓa makunni.

Lambobin da ya kamata su zauna a wayarka: 112 na gaggawa, 6232 na NCDC, 122 na jami'an kiyaye haɗurra. Akwai SEMA ta jiha da NEMA ta tarayya don ambaliya da gobara, akwai Asibitin Koyarwa na ATBU da Asibitin Ƙwararru a cikin gari. Amma duk kafin su iso gare ka ko ka isa gare su, mintunan farko a hannunmu suke.

Shawarata: kowane gida ko layin ɗakuna a yi karo-karo, a sayi sacet ɗin gishiri da sukari, safar hannu, bandeji, sabulu da tocila, a ajiye inda kowa ya sani. A nemi lambar mai keke 2 da za su ɗaga waya da dare. Kowa ya ba abokin zamansa lambar gida, ya faɗa masa rukunin jininsa, in yana da sikila ko asma ya faɗa, ba abin kunya ba ne. Shugabannin ƙungiyoyinmu na jihohi da MSSN, yadda kuke shirya walima, ku gayyato 'yan Red Cross su koya mana taimakon farko ko na yini ɗaya ne.

Wani zai ce ai komai ƙaddara ce. Haka ne, amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ya umarce mu da riƙo da sababi. Iyayenmu sun turo mu ne mu koma da takarda, mu taimaki juna mu koma da rai da lafiya.

Tura wa abokin zamanka. Allah Ya tsare mu, Ya ba mu sa'ar jarrabawa.