Sanyin Motar Mahaifina

Ya kai ɗalibi, ka san inda sanyin mota yake fitowa? Mahaifina ya bar mini tsohuwar Fijo 504. Da na'urar sanyinta ta lalace, sai na ɗauki sifana zan kwance bututunta. Wani tsohon makanike ya riƙe hannuna.

Ya ce inji ne yake matsa gas har ya yi zafi. Gas ɗin yakan huce a gaban lagireto ya zama ruwa, sannan ya shiga ciki ya kwashe zafi. Sunansa R-12, kuma a matse yake. Idan ya fesu a ido, yana iya makantar da mutum.

Da ban saurare shi ba, da wataƙila ban rubuta maka wannan ba. Matambayi ba ya ɓata.