Ranar da ɗari, ƙari da ɓari suka zama kalma ɗaya

Wani kamfanin ɗab'i ya taɓa ba ni aikin kwashe gajerun labaran Hausa daga tsofaffin fayiloli zuwa sabuwar ma'ajiyarsa. Na rubuta 'yar manhaja da Python na sa ta aiki. Ba ta yi nisa ba ta tsaya cak, tana ƙorafin ta ci karo da harafin da tsarin Latin-1 bai san da shi ba. Dare ya yi, ga gajiya. Sai na ba ta umarnin replace, wato duk harafin da ya gagara ta dasa alamar tambaya a gurbinsa. Ƙorafi ya ɗauke, sababbin fayiloli suka hau kan tsofaffin, na tafi na kwanta.

Washegari editan, wani dattijo mai haƙuri, ya nuna mini allo ya ce, "Ɗana, wannan ?ari ɗin, ɗari ne, ƙari ne, ko ɓari?" Na rasa ta cewa. Mako uku muka yi muna bin labaran layi-layi da bugaggun littattafai, muna mayar wa kowane harafi ƙugiyarsa. Sauri ya haifi nawa.

A nan na fahimci cewa kwamfuta lambobi take ajiyewa, kuma sai an gaya mata tsarin da za ta karanta su da shi. ASCII na 1963 gurbi 128 kawai gare shi. Latin-1 ya kai 256, amma don harsunan Yammacin Turai aka yi shi, babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a ciki. Unicode ya ba su mazauni, kuma UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana rubuta kowannensu da bayit biyu.

Na kuma koyi cewa ɓarna iri biyu ce. In aka karanta UTF-8 da tsarin Windows-1252, ƙasa sai ta fito Æ™asa. Abin da muni a ido, amma lambobin suna nan daram, juyawa kawai za a yi rubutu ya dawo. Alamar tambaya kuwa ta cinye harafin har abada, domin ƙ da ɗ da ɓ duk sun koma lamba guda.

Babban darasin shi ne, ƙorafin nan da na toshe wa baki gaskiya yake faɗa mini. Manhajar ta ga asarar tun kafin ta auku.

Yanzu ba na taɓa fayil na asali sai kwafinsa. Ina tantance tsarin rubutu tun daga shigowarsa, in fitar da shi a UTF-8. Kafin in miƙa kowane aiki kuma, sai na rubuta ɗari, ƙari, ɓari, na tura su ta cikin manhajar, na ga sun fito su uku kamar yadda suka shiga.