"Shekara huɗu don ki zama tela?" Zare a kan karatun zanen tufafi 🧵

1/
Duk wanda ya ji ina karanta zanen tufafi a jami'a, tambayarsa ɗaya ce: "Shekara huɗu don ki zama tela? Ai wata shida a shagon layinku ya isa." Na gaji da amsa wa mutane ɗai-ɗai, bari in amsa wa kowa a nan. Musamman ku da ke shirin cike JAMB.

2/
Ni fa ba na jin haushi a ce mini tela. Sana'a ce da ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma mu fara da ciwon da kowa ya sani, wato daren Sallah. Kin kai atamfa tun kafin azumi, ga shi ana kiran asuba kina zaune a shago, ko yanka ta ba a yi ba.

3/
Sai mu ce teloli ba su da alƙawari. Wasu kam haka ne, amma matsalar ta wuce halin mutum. Tela yana auna kowa daban, ya yanka daban, ya ɗinka daban. Mutum ɗari, awo ɗari, yanka ɗari. Hannu biyu gare shi, wuta kuma sai ta ga dama.

4/
Shi ya sa abin da aka fi matsa mana a aji shi ne taswirar yanka. Kafin almakashi ya taɓa yadi, sai ka fitar da rigar a takarda da ma'auni. Daga nan ka ƙara ko ka rage da lissafi, ta ba ka ƙarami, matsakaici da babba. A shimfiɗa yadi hawa-hawa, a yanka riguna da yawa lokaci guda.

5/
Wannan ne sirrin abayar da kika saya a kasuwa ta zauna miki daram, alhali wanda ya ɗinka ta bai taɓa ganinki ba. Ba siddabaru ba ne, lissafi ne. Furojet ɗin da nake so in yi a aji huɗu ke nan: in auna matanmu na nan, in fitar da saiz daga jikinmu, ba daga na wasu ba.

6/
Muna karanta shi kansa yadin. Ga darasi kyauta: zari ɗan zare daga gefen yadi ki kunna masa ashana. In auduga ce, zai ci da wuta da wari irin na takarda, ya bar toka mai laushi. In na roba ne, zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Ki gwada kafin ki biya kuɗin auduga a kan roba.

7/
Wani kuma: yadi yana da zaren tsaye da na kwance. In aka yanka a karkace don tsimin yadi, ranar farko lafiya lau, amma bayan wanki biyu sai ki ga ɗinkin gefen siket ya juyo gaba. Ba laifin mai wanki ba ne. Tun wajen yanka aka yi ɓarnar.

8/
Amma kwas ɗin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin saƙa da rini. Marinar Ƙofar Mata a Kano ana lissafa ta tun 1498, kuma har yau ana rini da baba a karofinta. Da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus.

9/
Turkuɗin Kura Buzaye suke naɗawa a sahara. Aikin aska takwas da ke gaban babbar riga wani ne ya zauna ya tsara shi da ma'auni, aka gada hannu da hannu, kamar yadda ake yi a birnin Zariya. Wallahi kakanninmu masu zanen tufafi ne, digiri ne kawai ba su da shi.

10/
Masaƙun zamani ma mun yi su. An buɗe Kaduna Textiles a 1957 zamanin Sardauna, UNTL ta biyo baya a 1964, Kakuri ta cika da dubban ma'aikata. Rashin wuta, fasa-ƙwauri da yadi mai arha daga waje suka durƙusar da su. Ta farkon ta rufe a 2002.

11/
Yanzu shiga Kantin Kwari ka duba. Gezna da muke fafa da ita daga Ostiriya take, kamfanin Getzner. Holan ta Vlisco ce, a garin Helmond. Mai sauƙin kuɗi kuma mafi yawa daga Sin. Mu ke sawa, mu ke anko, mu ke cika akwatin lefe. Su ke zanawa, su ke cin ribar.

12/
To wa zai zana mana? Wa zai san audugar Funtuwa, ya san rini, ya san lissafin farashi, ya kuma san abin da amaryar Katsina za ta yarda ta sa gaban surukai? Amsar tambayar "me ya kai ki jami'a" ke nan.

13/
Sai dai kada wani ya ruɗe ku: digiri ba ya ba da hannu. Da na je koyon aiki na wata shida a shagon wani dattijon tela, kafin in gama shimfiɗa takardata ya yanka riga uku da alli kawai. Ya ce, "'Yata, takardarki ta san awo, amma ba ta san mai ƙiba tana so a ɓoye mata ba."

14/
Na ce, "Baba, ai shi ya sa na zo." Shi ya koya mini sauri da karantar kwastoma. Ni na nuna wa yaransa yadda za su ajiye taswirar kaftani a kwali su riƙa maimaitawa. Makaranta da shago ba kishiyoyi ba ne, kowa yana riƙe da rabin abin.

15/
Karatun kuma ba hutu ba ne. Yadi, kala, takarda, zare, duk daga aljihunka. Wasu suna haddar littafi, kai kana kwana a kan keke, yatsu duk sukar allura. In don ka ga kwas mai sauƙi ne za ka shigo, tun wuri canza shawara.

16/
Masu tambayar ina ake yi: ABU Zariya tana da sashen Industrial Design, a ciki akwai ɓangaren zanen yadi. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna tana da kwas na zanen tufafi kai tsaye. Ku duba ƙasidar JAMB ta shekararku don darussan da ake buƙata. Kafin ku samu gurbi, ku shiga shago ku koyi taka keke.

17/
Ku kuma iyaye da yayye, in yaro ya ce wannan yake so, kada a yi masa dariya. Ba kowa ne zai zama likita ba, amma likitan ma sai ya sa riga. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan lakca. Ɗinkin Sallah kuwa kada ma ku fara, littafina ya cika 😅