Jirgin Ruwan Da Baba Ya Bari

Duk wanda ya san Suleja ya san ba garin jirgin ruwa ba ne. Kogin Iku da ya ratsa garin, in rani ya tsananta, yaro ma da ƙafa yake haye shi. Amma duk da haka a bayan gidanmu akwai jirgi mai inji, har da ɗan ɗaki mai taga huɗu da bencin kwanciya biyu, ya fi shekara 30 girke bisa bulo.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, shi ke tuƙa jirgin nan lokacin aikin madatsar ruwa ta Shiroro. Da aka kammala aiki a 1990 aka yi gwanjon kaya, sai ya tattara kuɗin sallamarsa ya saye shi, ya ɗoro shi a babbar mota, da niyyar in ya huta ya mai da shi ruwa. Hidimar iyali ba ta bari ba. A ciki muka yi wasan ɓuya, kaji suka yi ƙwai.

Ran rabon gado yayyena suka ce a kira 'yan gwangwan su kwashe ƙarfen, katakon a yi girki. Na roƙa aka lissafa shi cikin kasona.

Makanikin unguwarmu bai taɓa ganin injin jirgi ba, amma ya ce inji inji ne. Mako uku yana jiƙa fistin da kananzir kafin su motsa. Wajen katako kuwa sai da na je Yawuri na ɗauko wani dattijo masassaƙi. Bai ko dubi fentin ba. Ƙusa ya ɗauka yana bin gindin jirgin yana cakawa, sai ga ta tana nutsewa kamar cikin gurasa. Ya ƙirga katako 14, ya ce, "Ɗana, waɗannan duk gara ta riga ka." Da maɗaci yake musanya su ɗaya bayan ɗaya, yana cusa auduga a tsakani, yana bi da kwalta.

Muna kan na goma, kuɗi sun ƙare, sai ga wani mai jigila daga Zumba, bakin tafkin Shiroro, ya yi tayi mai tsoka. Ya ce sauran huɗun a bar su, fenti ya isa, ɗakin kuma zai cire don jirgin ya ɗauki mutum 40 da doya ran kasuwa. Alhali kuwa a jikin ƙarfen da ke kusa da sitiyari an rubuta mutum 8.

To, ni ne ke bakin aiki a ofis cikin watan Mayu na 2021, ranar da wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 100 ya dare a Kogin Kwara, kusa da Wara ta Jihar Kebbi. Sau uku ina sake adadin gawarwaki kafin a rufe shafi. Na faɗa wa baƙon nan ba na sayarwa ba ne. Ya yi dariya, ya ce akwai irinsa da yawa a bakin ruwa. Na san gaskiya ya faɗa.

Mai ɗakina ta kwana biyu ba ta ce mini uffan ba, gama kuɗin makarantar yara na cikin katakon nan. Dattijo ya koma Yawuri yana bi na rabin ladansa, ya ce in kaka ta yi in aika masa kuɗin mota.