Awo da "Da Sauƙi"

Na tashi a gidan manoma, a wani ƙauye da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, inda babu abin da ke shiga kasuwa ba tare da awo ba. Masara da dawa a tiya ake auna su. Auduga kuwa sai ta hau sikeli, sannan malamin duba ya yamutsa ta ya ce wannan lamba ɗaya ce, waccan lamba biyu. Baffana, ƙanen mahaifina, ya fi kowa tsanani a wannan sha'ani. Ko ɗan cikinsa ne ya ce buhu ya cika, sai ya sa an juye an sake awo a gabansa.

Cikin kakar 2019, yana alwalar la'asar, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, magana ta gagara. Mutanen gida suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka nemo rubutu. Kafin a yanke shawara magariba ta yi, a shekarun nan kuwa ba mai bin hanyarmu da dare. Sai da hantsin washegari aka kai shi wani asibitin gwamnati, inda likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya kwana tara aka sallame shi.

A kwanakin nan tara, duk wanda ya zo dubiya ya ce, "Yaya mai jiki?" amsarmu ɗaya ce: "Da sauƙi." Ɗalibin harshe ya san wannan magana ba rahoto ba ce. Gaisuwa ce da fata, Bahaushe kan faɗe ta ko da majinyaci na gargara, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ya dame ni shi ne da na ga littafin asibitin ma kusan da wannan harshe yake magana. Gida biyu ne a cikinsa: wanda aka sallama da wanda ya rasu. Baffa ya faɗa gidan farko, alhali a kan tabarma muka ɗauko shi zuwa mota.

Daga baya na shiga karance-karance, na ci karo da Avedis Donabedian, wani likita a Amurka wanda a 1966 ya raba awon ingancin jinya gida uku: me asibiti ke da shi, me aka yi wa majinyaci, sannan yaya ya ƙare. Sai na ɗora jinyar Baffa a kan wannan sikeli.

Cutar iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, ko kuwa jijiyar ta fashe jini ya malala. Daga waje kamanninsu ɗaya, hoton ƙwaƙwalwa ne ke rarrabe su, kuma maganin da ke taimakon mai toshewa, kamar asfirin, yana iya ƙara wa mai fashewa zubar jini. Asibitin ba shi da na'urar hoton. Likita ya ce da ni, "Malam, sai dai Zariya ko Kano." Allurar narkar da gudan jini kuwa cikin awa huɗu da rabi na farko aka saba yin ta, mu kuma mun haura awa goma sha takwas. Wannan lattin namu ne, ba na asibiti ba.

Gida na biyu ne ya fi ƙona mini rai, domin abubuwan cikinsa ba sa cin kuɗi. Cutar kan taɓa haɗiya, shi ya sa ƙa'ida ita ce kada a sa wa majinyaci komai a baki sai an gwada maƙogwaronsa da ɗan ruwa kaɗan. A Ingila, tun 2013 ake tattara bayanan asibitoci a kan wannan cuta, har da ko an yi gwajin haɗiya cikin awa huɗu da isowa. Mu ba wanda ya gaya mana. Goggo, saboda tausayi, ta riƙa ɗura masa koko da cokali yana sarƙewa, muna cewa sannu. A kwana na huɗu zazzaɓi ya rufe shi, aka ce ciwon huhu ne. Haka nan juya majinyaci a kai a kai don gudun gyambon kwanciya, sai wani mai jinya a gadon kusa ne ya koya mana. Ba na zargin nas ɗin da ke ɗakin. Ita kaɗai ce da dare a kan gadaje cike. Sai dai da akwai takardar da ake cikewa cewa an gwada ko ba a gwada ba, da an san inda giɓin yake.

Gida na uku yana da ma'auninsa, wanda ake kira ma'aunin Rankin, daga 0 zuwa 6, kuma an fi duba shi bayan kwana 90. Mai 0 ya warke sarai, mai 6 ya rasu. Baffa a kan 4 ya tsaya: ba ya tafiya sai an riƙe shi, ba ya iya kewayawa shi kaɗai. Ba wanda ya neme mu bayan wata uku don ya rubuta haka.

Akwai kuma abin da wannan ma'auni bai kama sosai ba, wato harshe. Tun ina dalibi na karanta labarin majinyacin da Paul Broca ya bayyana a Faransa a 1861, wanda gaɓa guda ta rage a bakinsa, "tan". Ban taɓa zaton zan gan shi a zauren gidanmu ba. Lahani a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa kan shanye dama ya tafi da magana, Baffa kuwa "to" kaɗai ta rage masa. Da ita yake yarda, da ita yake ƙi, da ita yake faɗa, ta hanyar ja da sauya murya. Fitattun gwaje-gwajen wannan lalura da Ingilishi aka tsara su, kuma fassara kawai ba ta wadatar ga harshen da karin sauti da tsawon wasali ke rarrabe ma'ana. Wannan aiki namu ne, masu nazarin Hausa, tare da likitoci.

Wani babban bincike da aka gudanar a Nijeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, ya danganta kusan tara cikin goma na wannan cuta da hawan jini. Baffa ya haura sittin ba a taɓa ɗaura masa abin awon jini ba sai ranar da aka kwantar da shi.

Da muka koma gida na sayi na'urar awon da littafi mai shafi arba'in, na bar su hannun jikansa da ke aji biyu na sakandare. Kowace Juma'a yana rubuta hawan jinin, da yawan takun da Baffa ya yi daga ɗaki zuwa zaure, da sabuwar kalma idan an samu. Da damina ta faɗi, kalmomin sun kai goma sha huɗu, takun kuwa ashirin da biyu, da sanda.