Mariƙin takobin gidanmu

Makon jiya wani abokin aiki ya nuna mana hoto a wayarsa: wani kanti a Faransa ya jera ƴan fayafayan ƙarfe cikin gilashi, irin waɗanda ke kare hannu a takubban Japan. Tsuba suke ce musu. A 1876 gwamnatin Japan ta hana mayaƙan samurai rataya takobi, sai kayan suka fito kasuwa. Turawa suka yi ta saye, wasu ma aka mai da su ƙotar wuƙar cin abinci.

Muna dariya, sai dariyar ta tsaya mana a maƙoshi, don mun tuna namu.

Gidanmu nan Sabon Gari akwai takobin kakan kakanmu. Shi kaɗai da Alƙur'ani aka ce tsoho ya ɗauko lokacin ambaliyar 1945, da gulbi ya ci tsohon gari aka hawo tudu. Ruwan takobin ya yi tsatsa, kuben fatar ya zube, amma mariƙin tagulla na nan da zanensa. Shekarar da hatsi ya yi tsada, wani dillalin kayan da ya ba kawunmu jikka ashirin, ya kwance mariƙin, ya bar mana ƙarfen. Ba mu ga laifin kawu ba, wallahi. Hoton takobi ba ya cika tukunya. Wataƙila yanzu yana manne jikin katako a wani falo, ana cewa "kayan Afirka".

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wanga: maƙeran Japan da yawa sun sassaƙa sunansu jikin ƙarfen, ko ina ya je da shaidarsa. Namu ba rubutu. Wa ya ƙera, wa ya rataya, duk a bakin tsofaffi yake. Gwaggo na cewa mai shi Bagobiri ne, cikin waɗanda suka bi Mayaƙi Tibiri bayan Gawakuke a 1836. Gaskiya ne ko kirarin gida, ita kaɗai ta rage mai faɗi, kuma ta haura tamanin.

Ranar Lahadi muka ɗauki rakodar aiki muka same ta Jiratawa. Muka aje ƙarfen gabanta, ta shafa inda mariƙin yake a da.

"Ɗan nan, sai yau ka tuna? To kunna abin naka."